SSD a kwamfuta mai Windows XP: zai yi ƙarko ko asarar kuɗi ce?

Mai Sitika: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu gyara na gidan nan. Ina da tsohuwar destof, Dell OptiPlex 755, ita ke tuƙa injin yanka sitika a shagona. Injin ya kwana biyu, ta tsohuwar tashar firinta ake jona shi, mai faɗin nan mai ramuka 25, kuma direbansa Windows XP kaɗai ya sani. Zanen ma a CorelDRAW X3 muke yi. To yanzu had-dis ɗin ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, in aka kunna da safe sai mutum ya gama shan koko kafin ta gama tashi. Yaron da ke mini gyara ya ce in sa SSD, sabon faifan ajiya marar juyawa, a madadinsa. Wani kuma a layinmu ya ce kada in kuskura, wai XP kashe SSD yake yi cikin 'yan watanni. Wanne zan kama?

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam. Alhaji, XP kuma? Tun 8 ga Afrilu 2014 Microsoft ta cire hannunta daga kansa. Windows 7 ma da ya biyo baya an sallame shi tun Janairun 2020. Ka sayi tokumbo mai ɗan dama ka huta.

Mai Sitika: Ƙanena, ba kwamfutar ce matsalar ba. In na canja ta, wa zai saya mini sabon inji? Wannan ɗin yana yanka tsaf, ko jiya lambobin Keke Napep na cire da shi.

Malam Injiniya: Alhaji, kafin a shiga gardamar SSD, faifan da ya fara wannan ƙarar bai da alkawari. Yau ɗin nan, kafin ka rufe shago, ka kwashe fayilolin aikinka, da fon ɗin rubutu da ka tara, da direban injin, ka zuba a filas ko wani faifai na waje. Direban ya fi komai muhimmanci, don irin waɗannan in suka ɓata nemo su a intanet aiki ne.

Ɗalibin Kwamfuta: Mutumin layinku yana da gaskiya fa. XP ba shi da TRIM. Windows 7, wanda ya fito a 2009, shi ne Windows na farko da ya zo da shi, ko Vista ba ta da shi. Ba TRIM, SSD zai riƙa nauyi yana cin kansa har ya mutu. Mun yi wannan a aji.

Mai Sitika: Mene ne kuma TRIM? Ku yi mini da Hausa.

Malam Injiniya: Ɗalibi ya faɗi rabin zance. Bari in kawo ɗaya rabin.

A faifai mai juyawa, in ka goge fayil, Windows yana rubuta a littafinsa cewa wurin ya zama fili, gobe in ya buƙata sai ya ɗora sabon rubutu a kan tsohon, shi ke nan. Ƙwaƙwalwar da ke cikin SSD ba ta karɓar rubutu a kan rubutu. Kamar allon almajiri take: ba a rubuta sabon karatu sai an wanke, kuma ba a wanke layi ɗaya, allon gaba ɗaya ake wankewa. Ana rubutu a ƙananan shafuka, na kilobayit 4, ko 8, ko 16, amma gogewa sai babban gungu mai ɗauke da shafuka masu yawa. To in gungun yana da shafukan da ake so har yanzu, dole SSD ya kwashe su ya kai wani wuri kafin ya wanke.

TRIM saƙo ne kawai da Windows ke aika wa SSD: waɗannan shafukan na goge su, kada ka wahalar da kanka wajen kwashe su. XP ba ya aika wannan saƙon. Saboda haka SSD yana ɗaukar duk abin da aka taɓa rubutawa a matsayin kaya mai amfani, yana ta jigilar shara daga nan zuwa can, har ranar da XP ya sake rubutu a daidai wannan adireshin. Sakamakon abu biyu ne: rubutu yana rage sauri in faifan ya taɓa cika, kuma ƙwaƙwalwar tana shan rubutu fiye da wanda kai ka aika.

Wannan duk gaskiya ne. Amma "zai mutu cikin watanni", wannan ƙari ne.

Ɗalibin Kwamfuta: Malam, in yana shan rubutu ninki-ninki ai mutuwar ke nan, tunda kowane gungu yana da iyakar wankin da zai ɗauka.

Malam Injiniya: To mu yi lissafi. Ɗauki Kingston A400 mai giga 240, wanda ba na masu kuɗi ba ne. Kamfanin ya rubuta masa cewa zai jure rubutun terabayit 80, wato giga 80,000. Samsung 870 EVO mai giga 250 kuma 150 aka rubuta masa. A ce shagon Alhaji yana rubuta giga 10 kullum, wanda da wuya mai yanka sitika ya kai. Giga 80,000 a raba da 10, kwana 8,000 ke nan, kusan shekara 22. Ka ce rashin TRIM ya ninka wahalar sau uku, har yanzu kana da shekara bakwai da ɗoriya. Ka gaya mini, wannan destof ɗin da ta fito tun wajen 2007, wa zai riga wani tafiya, ita ko SSD ɗin?

Kuma kada a manta mutane sun yi ta sa SSD a XP da Vista tun kafin a san TRIM. Masu Mac ma da suka sa SSD da ba na Apple ba sun daɗe ba TRIM a hukumance, sai a 2015 da OS X 10.10.4 ya zo da umarnin trimforce.

Ɗan Farm Centre: Ɗalibi, ka koma aji.

Ɗalibin Kwamfuta: Na yarda da lissafin ƙarko. Amma nauyin fa? Shi ma ƙari ne?

Malam Injiniya: A'a, nauyin gaskiya ne, musamman a masu arha in an cika su maƙil. Maganinsa barin fili. Kowane SSD yana da ɓoyayyen wuri da kamfani ya ware masa don wannan jigilar, kai kuma sai ka ƙara masa. In ka sayi mai giga 240, ka yanka fatishin, wato yankin faifan da Windows zai yi amfani da shi, na giga 180 ko 190, sauran ka bar shi haka nan, ba fatishin ba komai. Tunda XP ba zai taɓa rubutu a can ba, SSD ya san wurin fanko ne, da shi zai riƙa numfashi. Sharaɗi ɗaya: sai in faifan sabo ne, ko an yi masa gogewar da ke mayar da shi fanko daga cikinsa. In an taɓa cika shi, rage fatishin daga baya ba ya gaya masa komai.

Ni abin da ya fi damuna da XP ba TRIM ba ne ma. Inda yake fara fatishin ne.

Mai Sitika: Ranka ya daɗe, ci gaba, ina rubutawa a bayan rasit.

Malam Injiniya: XP in shi ya yanka fatishin da kansa, a sekta ta 63 yake farawa. Gado ne daga zamanin da ake lissafin faifai da layi da kai. Sekta ɗaya bayit 512 ce, 63 sau 512 ya ba ka 32,256. Raba wannan da 4,096 ka gani: 7.875. Bai rabu daidai ba. Ma'ana kowane ɗan gungu na kilobayit 4 da NTFS, tsarin fayil na Windows, ke rubutawa yana kwanciya ne a kan iyakar shafi biyu, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Rubutu ɗaya ya zama biyu, kuma kowane sai an karanta, an gyara, an mayar. A manyan fayiloli ba za ka ji sosai ba, amma Windows ƙananan rubutu yake yi dare da rana.

Daga Vista zuwa sama an gyara. Suna farawa a sekta ta 2,048, wato bayit 1,048,576, wanda in ka raba da 4,096 zai ba ka 256 cif.

Don haka kada ka bar faifan ɗora XP ya yanka maka fatishin. Ka jona SSD ɗin a kwamfuta mai Windows 7 ko 10, ko ka tayar da naka da faifan Windows 7 ko GParted, manhajar yanka fatishin, ka yanka a can, ka yi masa NTFS. Tsarin jera fatishin iri biyu ne, MBR da GPT. MBR za ka zaɓa, XP mai bit 32 bai san GPT ba. Sannan in ka zo ɗora XP, ka nuna masa fatishin ɗin da ke nan, ka zaɓi a bar tsarin fayil yadda yake. Kada ka goge ka sake yankawa a ciki, in ka yi haka ya mayar da kai 63.

Gyara Sai Mai Shi: Malam, ni a shagona kwafe tsohon faifan nake yi kacokan zuwa SSD da Clonezilla, minti kaɗan an gama, kwastoma ya tarar da komai inda ya bari. Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Malam Injiniya: Ba za su dawo ba, don ko SSD mai karkataccen fatishin ya fi tsohon faifansu gudu nesa ba kusa ba. Amma kwafin kacokan yana ɗauko 63 ɗin ya dasa a sabon wuri. Ka duba ɗaya daga cikin waɗanda ka yi. Buɗe Run ka rubuta msinfo32, ka shiga Components, Storage, Disks, ka nemi layin Partition Starting Offset. In ka ga 32,256, to ga ta nan.

Gyara Sai Mai Shi: Akwai wata a kan teburina yanzu. Bari in duba.

Gyara Sai Mai Shi: 32,256. To amma Malam, mai ita yana ta sa mini albarka. Kuma a harkar Alhaji ni ina ganin kwafin ya fi. Ɗora XP sabo yana nufin neman direban sauti, na allo, na injin, a sake sa Corel, a nemo lambar lasisi, a sake rajistar Windows ɗin kansa. Wa ya san inda takardun nan suke bayan shekaru? Abu yana aiki, a ɗauke shi yadda yake.

Malam Injiniya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ba. In takardun sun ɓata, a kwafa. Sai dai a yi ɗayan biyu: ko a yanka fatishin daidai tukuna a kwafi fatishin zuwa fatishin, ko bayan an kwafa a matsar da shi da GParted a daidaita shi a kan MiB. Duk wanda aka yi, XP na iya ƙin tashi daga baya, don ɓangaren tayarwa yana riƙe da tsohuwar lambar. A ajiye faifan XP kusa, a shiga Recovery Console a buga fixboot da fixmbr. Kuma tsohon faifan kada a taɓa shi sai sabon ya yi kwanaki yana aiki.

Abin da kawai zan ƙara: faifai mai ƙas-ƙas ba lallai ya jure karatun kacokan ba. Shi ya sa na ce a fara kwashe fayiloli.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku kuna ta zancen TRIM, mu nan abin da ke kashe mana kaya kuran ne, wato wutar lantarki, da zafi. A ɗauke wuta ana cikin rubutu, a maido da ƙarfi. Na ga SSD da ya tafi haka, BIOS ma, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ba ta ganinsa. Tsohon dis aƙalla yana yi maka kuka kafin ya mutu, kamar yadda na Alhaji ke yi yanzu. Wannan kuwa ba sallama.

Mai Sitika: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu ma tsakanin wutar gari da janareta, kwamfutar nan tana mutuwa ba shiri a kai a kai.

Malam Injiniya: Mutumin Damagaram ya yi gaskiya. SSD yana riƙe da taswirar inda kowane shafi yake, in wuta ta yanke yana tsakiyar gyara taswirar, ana iya rasa fiye da fayil ɗin da ake rubutawa. Na zamani sun fi na da jure wannan, amma masu kafasito na kariya sosai na manyan sabobi ne, ba irin wanda za mu saya a kasuwa ba. Ƙaramin UPS, ko a jona ta a inbata in akwai, ya fi duk dabarun gyaran Registry na Windows da ake yaɗawa amfani. Kuma in SSD ya mutu, ciro kaya daga cikinsa ya fi na faifai mai juyawa wuya ƙwarai. Kwafi a waje dole ne.

Zafi kuma yana da nasa. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin irin waɗannan kayan, ta ce SSD na gida da ya cinye adadin rubutunsa ya iya riƙe kaya shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Ɗakin kwano a Zinder ko Sakkwato a watan Afrilu ya wuce nan da nisa. Sabon faifai yana riƙewa fiye da haka sosai, amma dai kada a zuba hotunan biki a SSD a jefa a durowa a ce an adana.

Ɗan Farm Centre: Ni har yanzu ban ga dalilin wannan wahala ba. A sa Windows 10 a sabuwar kwamfuta, a buɗe XP a cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da wani Windows a cikin wani, a sayi wayar nan mai USB a gefe ɗaya, tashar firinta a ɗaya gefen. An gama.

Gyara Sai Mai Shi: Ka taɓa gwadawa da injin yanka? Wayar nan ba tashar LPT, wato tsohuwar tashar firinta, ta gaske take bayarwa ba, tana nuna kanta ne a matsayin firinta ta USB. Firinta zalla takan yi. Amma inji ko makullin lasisi da ke magana da tashar kai tsaye, yawanci ko motsi. Windows 10 ɗin da kake tallatawa ma ai wa'adinsa ya ƙare tun Oktoban 2025.

Ɗan Farm Centre: To 11.

Gyara Sai Mai Shi: A kan Core 2 Duo? Allah ya ba da sa'a.

Ɗalibin Kwamfuta: Amma akwai tsaka-tsaki. Windows 7 mai bit 32 yana karɓar direbobin XP da yawa. In injin ya yarda da shi, an samu TRIM, an samu fatishin daidai, an samu AHCI, sabon yanayin da kwamfuta ke magana da faifai, ba wahala. Me zai hana a gwada?

Malam Injiniya: Yanzu ka yi magana. Wannan ya cancanci gwaji, kuma ba asara, tunda SSD ɗin sabo ne: a ɗora 7, a sa direban, a yanka sitika ɗaya mai lanƙwasa da yawa a gani. In ya yi, a buɗe cmd a buga fsutil behavior query DisableDeleteNotify, in ya ba da 0 to Windows yana aika TRIM. In bai yi ba a koma XP.

Mai Sitika: An taɓa gwada 7 a wata kwamfutar. Injin yana farawa, sai ya tsaya a tsakiyar harafi ya ja wuƙa ya tsaga ledar. Ledar nan kuwa da tsada. XP ɗin dai.

Na aiki yaro ya sayo SSD mai giga 240. Mun yanka 190 a laftof ɗin ɗana kamar yadda Malam ya ce. Amma da muka zo ɗora XP sai allo ya yi shuɗi, da rubutu STOP 0x0000007B. Ko faifan jabu ne?

Gyara Sai Mai Shi: Ba jabu ba ne Alhaji, tsohon ciwo ne. XP ya fito a 2001, kafin SATA, sabuwar tashar jona faifai, ta yaɗu, faifan ɗora shi bai da direban AHCI. Ka shiga BIOS da F2, ka nemi SATA Operation, ka mayar da shi ATA ko Legacy. Zai wuce.

Ɗalibin Kwamfuta: Amma in aka bar AHCI an rasa NCQ, dabarar da faifai ke jera ayyuka da yawa a lokaci ɗaya, gudu zai ragu.

Gyara Sai Mai Shi: To kai ka kawo masa fulofi ya danna F6 ya loda direban Intel, tunda XP ta fulofi kaɗai yake karɓa a wannan matakin. Ko ka zauna da nLite ka cusa direban cikin faifan ka ƙona sabo. Ana yi, na sha yi. Amma don yanka sitika? Bambancin a manhajar awo za ka gan shi, ba a buɗe Corel ba.

Malam Injiniya: Ina bayan Mai Gyara a nan. Tashar wannan kwamfutar SATA II ce, iyakarta wajen megabayit 300 a daƙiƙa, SSD ɗin kuma an yi shi don SATA III mai kaiwa 550. Ba zai taɓa sakin jiki ba ko da AHCI. Kuma ba wannan lambar ce ke sa a ji daɗinsa ba. Faifai mai juyawa yana ɓata kusan milisakan 10 zuwa 15 kafin allurarsa ta kai inda kaya yake, SSD kuwa ƙasa da ɗaya. Nan ribar take, kuma ana samunta ko a SATA ta farko mai 150. Akwai ThinkPad T61 da BIOS ɗinta ta ɗaure tashar a SATA ta farko, duk da haka in ka sa mata SSD sai ka rantse wata ce daban.

Gargaɗi ɗaya: duk yanayin da ka ɗora XP a kai, ka bar BIOS a haka. In batirin agogo ya mutu ta koma AHCI da kanta, shuɗin allon zai dawo, kada ka firgita. Batirin CR2032 ne, ka canja shi tun yanzu.

Mai Sitika: Alhamdu lillahi, ya hau. Lambar nan da kuka ce a duba 1,048,576 ta nuna. Inji ya yanka, Corel yana buɗewa kafin in gyara zama. Akwai sauran abin yi?

Malam Injiniya: Kaɗan ne. Ka tabbata Service Pack 3 ne. XP na asali kafin SP1 ba ya ganin abin da ya wuce giga 137, amma tunda ya ga 190 ka wuce wannan. Kada kowa ya yi masa difrag, wato sake jera fayilolin da suka warwatsu, ba ya ƙara wa SSD komai sai rubutun banza. XP ba ya yin cikakken difrag da kansa bisa jadawali, masu Vista ne ya kamata su kashe nasu na mako-mako. Ka buga fsutil behavior set disablelastaccess 1, don XP yana rubuta lokacin da aka buɗe kowane fayil, wanda ba ka buƙata. Fayil ɗin musaya kuma, wanda Windows ke juye kaya a ciki in RAM ta cika, ka bar shi. Za ka ga masu cewa a kashe shi don a tausaya wa SSD, sai Corel ya rufe kansa kana tsakiyar babban zane, tunda XP mai bit 32 ba ya amfani da RAM fiye da giga uku da 'yan kai.

Sai babba: kada wannan kwamfutar ta ga intanet. Mun tuna WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle fayiloli, a Mayun 2017, da har Microsoft ta fitar wa XP da faci na gaggawa bayan ta sallame shi. Irin wannan alfarma ba kullum ba ce. Filas ɗin kwastoma ma a fara duba shi a wata kwamfutar.

Ɗan Farm Centre: Tunda an ƙi shawarata, bari in ba da wadda za a karɓa. Kasuwa ta cika da SSD na bogi, kwali mai kyau, a rubuta tera ɗaya, ciki kuwa ɗan guntun abu ne da bai kai rabin rabi ba. Yana nuna girman ƙarya, in ka wuce ainihin cikinsa sai ya fara taka tsofaffin fayiloli. Duk wanda ya saya ya duba da CrystalDiskInfo ya ga awannin da ya yi aiki, sannan ya cika shi da H2testw ya ga ko girman gaskiya ne.

Ɗalibin Kwamfuta: Tsaya. In aka cika shi da H2testw, ai an rubuta ko'ina ke nan. Dabarar barin fili da Malam ya faɗa ta rushe, tunda ya ce sai faifan da ba a taɓa cikawa ba.

Malam Injiniya: Ka kama shi daidai, Allah ya yi maka albarka. Mafita ita ce a yi gwajin a kwamfuta mai Windows 7 zuwa sama, a jona da wayar SATA kai tsaye, don akwatunan USB da yawa ba sa wuce da saƙon TRIM. In an gama a goge fayilolin gwajin, a yi fomatin mai sauri, a bar shi a kunne na ɗan lokaci, sannan a rushe fatishin a yanka ƙarami. Ta wannan hanyar ma ana iya yi wa faifan XP wanka lokaci-lokaci: a ciro shi, a jona a mai Windows 10, a danna Optimize. A da Intel SSD Toolbox da tsofaffin Samsung Magician suna yin wannan daga cikin XP, amma kowanne faifan kamfaninsa kaɗai yake yi wa.

Hajiya Mai Surfani: Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu nake bi. Ni ma keken surfanina tsohuwar laftof ce ke aika masa zane, Dell Latitude D610, XP ce a kai. Ɗana yana da wani SSD siriri kamar cingam da ya ciro daga tasa, ya ce NVMe ne. Zai shiga?

Gyara Sai Mai Shi: Hajiya, ba zai shiga ba ta kowace fuska. Babu ramin, kuma XP bai san NVMe ba, sabon tsarin jona SSD ne. Windows 7 ma sai an sa masa facin KB2990941, daga 8.1 ne ya zo a ciki. D610 ko SATA ba ta da ita, tsohuwar tashar IDE ce mai haƙora 44. Daga D620 ne suka koma SATA.

Hajiya Mai Surfani: To na haƙura ke nan?

Gyara Sai Mai Shi: A'a. Akwai ɗan akwati mai girman faifan laftof, ciki a sa SSD nau'in mSATA, waje kuma haƙoran IDE 44. Shi za a nema, a ce mSATA, ba M.2 NVMe ba, don masu shago suna haɗa su. A ciro ɗan adaftan baƙi da ke kan haƙoran tsohon faifan a mayar kan sabon, in ba haka ba ba zai zauna a ramin ba. Gudun ba zai wuce abin da IDE ke iyawa ba, wajen megabayit 100, amma za ki ga bambanci.

Ɗan Damagaram: Katin CompactFlash da adafta fa? Na ga ana yi, ya fi arha.

Malam Injiniya: Don DOS ko Windows 98 yana da kyau, CompactFlash da harshen IDE yake magana tun asali. A XP kuwa yawancin katunan suna nuna kansu a matsayin abin cirewa, sai ya ƙi ajiye fayil ɗin musaya a kai, ga jinkiri a ƙananan rubutu. Hajiya ta tsaya a mSATA, giga 64 ko 120 ya ishe ta, kada ta haura 128 don tsofaffin BIOS na IDE wasu suna da iyakar nan ta 137. A yanka fatishin a wata kwamfutar kamar na Alhaji.

Hajiya Mai Surfani: Manhajar keken tana da wani ɗan makulli da ake sokawa a USB, in babu shi ba ta buɗewa. Canja faifai zai taɓa shi?

Gyara Sai Mai Shi: Lasisin yana cikin makullin, ba a faifai ba, amma direbansa yana kan Windows. A irin naki kwafin kacokan zan yi, in daidaita fatishin daga baya. Ki sa ɗanki ya ɗauki hoton ƙasan laftof ɗin da na tsohon faifan in ya ciro shi, ya turo nan mu ga haƙoran kafin ki ba da kuɗin akwatin.